Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi, Alhaji Idi Mukhtar Maiha

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni mai turkar shanu ne a Potiskum, sana'ar da na gada wajen mahaifina. Da aka kafa ma'aikatarku a 2024 mun yi murna, muka ce yau kiwo ya sami uba. Shi ya sa na kawo kukana kai tsaye.

Rani ne yake cinye mu, ranka ya daɗe. Bunaji ko Bokolo ya yi ɓul-ɓul da damina, amma daga Fabrairu zuwa Mayu sai ya zubar da naman nan a hanyar neman ciyawa da mashaya. Haka zai yi ta yi har ya shekara huɗu ko biyar bai isa yanka ba. Mu masu turka kuwa, kuɗin dusa da harawa da angurya kan lashe ribar tun sa yana kan turke.

Na ji labarin yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da JBS, kamfanin sarrafa nama na Burazil. Madalla. Amma a duba yadda Burazil ta kai inda take. Shanunsu masu tozo ne kamar namu, asalinsu Indiya, ciyawar da suka shimfiɗa a makiyayarsu kuma daga Afirka aka kai ta. Abinci suka fara gyarawa. Mu ma muna da gamba, muna da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika kusa da Zariya da ta daɗe tana bincike kan ciyawar shukawa, sai dai ban taɓa ganin irin a kasuwarmu ba. Don Allah a fito da shi, a koya wa manomi shuka ciyawa ya ɗaure ya sayar kamar yadda yake sayar da harawa.

Makiyayun da dokar 1965 ta keɓe a Arewa, da burtalolin da ke kai wa gare su, da yawa sun koma gonaki. Wanda ya rage a shata shi, a haƙa rijiyoyi.

Bara ciwon huhu ya kashe mini bijimai uku da na yi wata biyu ina ciyarwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin, amma allurar da ta sha rana a hanya ba ta da amfani. Muna roƙon firji mai aiki da hasken rana da malamin dabbobi a kowace babbar kara, daga Potiskum har Maigatari da Mubi.

Sannan a gina mayankar zamani a nan Arewa. Duk mako ina kallon shanu cunkushe a tirela za su Legas, kwana da kwanaki ba ci ba sha, wasu sai an yanka su a hanya.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai turka daga Potiskum, Jihar Yobe.