A Kafa Gidauniyar Adana Tarihin Waken Samaru

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga malaman jami'o'inmu da masu hannu da shuni kan wani aiki da lokacinsa ke neman ƙure mana, wato adana tarihin fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta a ƙasar nan.

A Amurka aka haifi wannan fasaha. A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka yi nasarar yanko ƙwayar gado daga wata halitta suka dasa ta cikin wata. A 1976 Boyer da wani matashin ɗan kasuwa, Robert Swanson, suka kafa kamfanin Genentech, kuma daga aikinsu ne aka samu insulin irin na ɗan Adam wanda aka amince da shi a 1982, bayan an daɗe masu ciwon suga suna dogaro da wanda ake cirowa daga shanu da aladu. Swanson ya rasu a 1999 yana da shekara 52 kacal. Amma kafin rasuwarsa masu tarihin baka na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun zauna da shi sun naɗi labarinsa daga bakinsa. Daga baya aka kafa wata gidauniya mai zaman kanta a San Faransisko, Life Sciences Foundation, ba don riba ba, aikinta shi ne tattara takardu da yin hira da waɗanda suka fara harkar. A 2015 ta haɗe da wata gidauniyar tarihin kimiyyar sinadarai da ke Filadelfiya, yau kuma ana kiran su Science History Institute.

To mu fa? Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da irin wakenmu na gida da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, kuma a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, aka yi aikin, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da AATF, gidauniyar fasahar noma ta Afirka da ke Nairobi, da masana daga Ostareliya. An fara gwaji a killatacciyar gona a 2009, aka fitar da irin mai suna SAMPEA 20-T a Disambar 2019, aka ƙaddamar da shi a Kano a 2021. Duk wanda ya taɓa noman wake ya san abin da ya jawo wannan aiki. Wake ya yi kyau, ya fid da fure, sai ka ga furen yana zuba. Ka ɓare kwanso ka tarar da tsutsa a ciki ta cinye ƙwaya, ta bar kashinta a bakin ramin da ta huda. Manomi ya goya tankin feshi a baya sau shida, sau bakwai, har takwas a damina ɗaya, sau da yawa ba safar hannu ba takunkumi. Masu binciken sun ce da sabon irin, wanda ke jure wa wannan tsutsa, feshi biyu ya wadatar.

Shekara goma ana wannan aiki, kuma ba farfesoshi kaɗai suka yi shi ba. Akwai ma'aikatan gona da suka riƙa ƙirga tsutsa a furanni suna rubutawa a littafin gwaji, akwai malaman gona da suka kai irin ƙauyuka, akwai manoman da suka yarda aka fara gwadawa a gonakinsu. Su ne suka fi damuna. Farfesa yana da maƙalun da ya wallafa, amma ma'aikacin gona in ya yi ritaya ya koma garinsu, abin da ya sani ya tafi da shi. Littattafan gwajin kuwa, kowa ya san yadda gara da yoyon rufi ke yi wa takarda a ɗakunan ajiya.

Abin da ya sa nake cewa gidauniya mai zaman kanta, ba ofishin gwamnati ko kamfanin iri ba, shi ne har yau ana takaddama kan wannan fasaha. Akwai masu ganin an kawo wa manomi sauƙi, akwai masu tsoron illa ga lafiya da ƙasar noma, akwai masu fargabar irin gargajiya zai ɓace manomi ya koma sayen iri kowace shekara. Da aka fitar da masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayoyin halitta, a 2024 surutun ya sake tashi. Wanda ke da hannu a tallan iri ba zai naɗi muryar mai sukarsa da adalci ba, mai suka ma haka. Ana bukatar wurin da zai ajiye maganar kowa yadda ya faɗe ta, har da ta mai ƙosai da mai alale da suka san bambancin wake a hannu da baki.

Ba sai an gina katafaren gini ba. Gidan Arewa da ke Kaduna ya daɗe yana adana takardun tarihi, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen tarihi da ɗaliban da za a iya horarwa su yi hira. Gidauniyar ta yi rajista, ta samu amintattun da suka haɗa da masana kimiyya da na tarihi da wakilan manoma, ta bayyana wa jama'a inda kuɗinta ke fitowa. A yi hirarrakin da Hausa ga wanda Hausa ce ta fi masa sauƙi, a ɗauki hoton littattafan gwaji shafi-shafi, a ɗora a intanet kyauta.

Ina roƙon jaridarka ta buɗe hanya, ta tura wakilinta Samaru ya nemo tsofaffin ma'aikatan da suka yi gwajin 2009 ya yi hira da su tun suna da ƙarfi.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Zariya