Zuwa ga abokan cinikinmu: batun katin girafik

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Daga wannan makon mun daina karɓar kuɗin kafin alƙalami a kan katin girafik, wato na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta, kuma farashin da muka faɗa a WhatsApp na ranar ne kaɗai.

Da yawanku kan miƙo mana waya ku ce ai Nvidia, kamfanin da ke yin katin, dala 549 ta sa katin RTX 5070. Gaskiya ne, haka ta sanar a Janairun 2025, ta kuma sa 5090 dala 1,999. Amma wannan kuɗin a takarda yake. Kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera ƙwaƙwalwar katunan Nvidia da na kamfanin AMD duka, kuma masu harkar ƙirƙirarriyar basira sun kama layi a can da kuɗin da ɗan gem ba zai iya biya ba. Ragowar ake raba wa duniya. Dilan Dubai ya ɗora nasa, jirgi ya karɓa, kwastam su karɓa. Ga kuma dala, wadda kafin Yunin 2023 ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500.

Shawararmu, a rage nacin sai Nvidia. In gem kawai za ka buga, RX 9070 XT na AMD yana da memori 16GB, 5070 kuwa 12GB. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba Intel Arc B580, shi ma 12GB ne, sai dai ba ya shiri da tsohuwar kwamfuta, ka fara kawo taka mu gani. Masu tace fim da zanen gini, ku kam Nvidia ta fi muku. Mai son 5090 kuma ya tuna wat 575 yake ja, ya tambayi inbatarsa tukuna.

Sai na hannu. Tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022, katunan RTX 30 da suka sha aiki dare da rana suka cika titin Otigba da ke nan Computer Village, an goge su fes. Ku duba sukurori ko an taɓa kwancewa, ku saurari ƙarar fanka, kar ku biya sai an kunna gem mai nauyi na rabin awa. Ko a wani shagon za ku saya, ku kawo mu gwada kyauta, ban da lokacin Juma'a.

Naku,
Masu shagon haɗa kwamfuta, Computer Village, Ikeja