Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Zamfara, Dauda Lawal: a saya wa ɗalibanmu babban ma'aunin iska

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙo nake yi a madadin 'ya'yanmu masu digiri na biyu da na uku da ke bincike kan ƙananan na'urori masu araha na auna gurɓatar iska.

Mu Zamfarawa ba sai an ba mu labarin ƙura ba. A 2010, ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje a Anka da Bukkuyum ta kashe yara aƙalla 400 da gubar dalma. Sai da aka yi ta binne yara a Dareta da 'Yargalma kafin a gano sanadi. Gaskiya waɗannan na'urori ba sa tantance dalma, wannan aikin ɗakin gwaji ne. Amma suna nuna inda ƙura da hayaƙi suka yi yawa, a san inda za a fara dubawa.

Na'urar ba ta fi tafin hannu ba. Ɗan fanka ke zuƙo iska, hasken leza ya ratsa ta, daga yadda ƙwayoyin ƙura ke watsa hasken a kimanta yawansu. Waɗanda ake tsoro su ne ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5, da gashin kai ya ninka su kauri kusan sau 30, suna wucewa har can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada su wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a yini. Nawa muke shaƙa a Gusau, tsakanin hayaƙin janareto, itacen girki da ƙona bola?

Matsalar ita ce na'urar kan yi kuskure. Da damina laima na kumbura ƙwayoyin, sai na'urar ta ƙara lissafi. Da hunturu kuwa, bujin da ke tasowa daga Bodele ta ƙasar Chadi manyan ƙwayoyi sun yi masa yawa, sai na'urar ta rage lissafi, ga ƙura na toshe fankan. Dole ɗalibi ya ajiye ta gefen babbar na'ura tabbatacciya tsawon makonni, ya gyara lissafinta da yanayinmu. In ba haka ba, alƙalumansa ba su da mai saye. Babbar na'urar kuwa ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Ranka ya daɗe, jiha ta sayi guda ɗaya tak, a girke ta a Jami'ar Tarayya ta Gusau da sola da batir, a buɗe ƙofa ga ɗaliban Talata Mafara da Ƙaura Namoda. Jami'ar Makerere ta Yuganda da kanta take ƙera irin ƙananan a shirinta na AirQo. Namu ma za su iya. Sakamakon kuma a riƙa karanta shi a rediyo da Hausa, don uwa mai ɗa da asma ta san ranar da za ta hana shi fita.

Naka,
Wani ɗan jiha, Gusau