Amsa ga wanda ya tambaye ni nawa aka biya ni kan yaran Ireland ta Arewa

Malam, assalamu alaikum.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a bayan rubutuna kan matasan Katolika da na Furotesta na Ireland ta Arewa da ake haɗawa a kai su ziyara Amurka. Ka ce in dai yawon buɗe ido yana kashe gaba, me ya sa aka fara kai yaran a 1975 amma ba a yi sulhu ba sai 1998, katangun da suka raba unguwannin Belfast kuma suna nan tsaye? Sannan ka ɗora da cewa in faɗa wa jama'a nawa ƙungiyoyin waje suka ba ni na yi musu talla.

Da ta ƙarshen zan fara, don ita ce ta ƙona mini rai. Ba wanda ya ba ni ko sisin kwabo. Ka san ni, ka san gidanmu, ka kuma san na sha sukar masu tara mutane a otal, a ci a sha, a raba kuɗin zama, a ce an yi taron zaman lafiya. Duk wanda ya daɗe yana karanta ni shaida ne. Da kana da hujja da ka ajiye ta a gaban mutane. Abin da nake zato shi ne, ba Ireland ce ta dame ka ba. Abin da ya tsaya maka a maƙogwaro shi ne Musulmi ya yaba wa aikin da mutanen coci suka yi, ka kuma san irin wannan zargi yana jawo tafi da wuri.

To, ga amsar tambayarka ta farko. Ban taɓa cewa ziyarar yara ce ta tsayar da yaƙin ba. Rikicin da ya ci rayuka sama da 3,500 cikin kusan shekara 30 a teburin siyasa aka kashe shi, da yarjejeniyar Belfast ta 10 ga Afrilun 1998, wadda Sanata George Mitchell na Amurka ya jagoranci tattaunawarta, John Hume da David Trimble kuma suka sami kyautar Nobel saboda ita. Asalin faɗan ma ba kan yadda ake ibada ba ne. Mafi yawan Furotesta suna so a ci gaba da zama cikin Birtaniya, mafi yawan Katolika suna so a haɗe da Jamhuriyar Ireland. Yaro ɗan shekara 15 ba shi zai warware wannan ba, ba kuma wanda ya ɗora masa.

Amma ka san yadda yaron nan yake tashi? A Belfast ta yamma, tsakanin unguwar Falls ta Katolika da Shankill ta Furotesta, akwai katangar Cupar Way: kankare daga ƙasa, faifan ƙarfe a samansa, raga a can ƙololuwa. Gidajen titin Bombay da ke jingine da ita, titin da aka ƙona a Agustan 1969, an lulluɓe bayansu da kejin waya don kada abin da aka jefo ta sama ya faɗa kan mai shanya. Dare ya yi, a rufe ƙofofin da ke haɗa unguwannin. Makaranta daban, filin wasa daban, da ka faɗi sunanka da makarantarku an san ɓangarenka. Yaro zai iya girma yana jin muryar yaran bayan katanga bai taɓa sanin sunan ko ɗaya ba.

Wannan ne ya sa Kerry Waterstone, limamin cocin Anglikan na Ireland, ya kafa Ulster Project a 1975. Ana zaɓar 'yan shekara 14 zuwa 16, rabi Katolika rabi Furotesta, su yi wata guda a gidajen Amurkawa masu ɗa sa'ansu. Su yi aikin gayya tare, su shiga cocin juna su ga abin da ake yi a ciki, su zauna su faɗi abin da aka gaya musu a gida game da ɗaya ɓangaren. Watan Yuli ake tafiyar, lokacin da gari ke ɗaukar zafi saboda faretin Furotesta na 12 ga wata na tunawa da yaƙin Boyne na 1690. A wannan shekarar ta 1975 Denis Mulcahy, ɗan sandan kwance bam a New York, ya fara Project Children, wani shirin kai yaran Ireland ta Arewa hutu Amurka, da yara 6 kacal, kafin a rufe shirin ya kai sama da 20,000. Mutumin da sana'arsa kwance bam ce ya ga dacewar ba da lokacinsa ga wannan aiki, kai kuma daga zaune ka kira shi yawon buɗe ido.

Yarjejeniya 'yan siyasa ne suka sa mata hannu, amma talakawa ne suka amince da ita, da ƙuri'a kashi 71 cikin 100 a Ireland ta Arewa. Ban ce yaran da suka je ziyara ne suka kawo wannan adadi ba. Abin da na ce, kuma ina nan a kai, wanda ya taɓa cin abinci akushi ɗaya da yaron bayan katanga, da wuya a shawo kansa cewa dodo ne.

Batun katangu gaskiya ka faɗa, suna nan. A 2013 gwamnatin yankin ta yi alkawarin rushe su kafin 2023, ba ta cika ba. A Afrilun 2021 matasan da aka haifa bayan sulhu suka yi ta jifan juna da bam ɗin fetur a ƙofar katangar da ke Lanark Way a Belfast. Makarantar farko da aka kafa don haɗa yaran Katolika da na Furotesta, Lagan College, da ɗalibai 28 ta buɗe a 1981, har yau kuwa masu zuwa irinta ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wata guda ba zai goge wannan ba, ga shi kuma yaran da suka fi buƙatar tafiyar ba kullum su ake zaɓa ba. Amma duk wannan hujja ce ta a ƙara haɗa su, ba a daina ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai, Malam, ba a kaina ya tsaya ba. Tun bayan rikicin 2000 Kaduna ta rabu a kogi, yaron Rigasa da na Sabon Tasha suna tashi ba su san juna ba. Tarihinmu da na Ireland ba ɗaya ba ne, na sani. Amma duk wanda ya ce bari mu haɗa yaran nan ko na mako guda, kafin ya rufe baki an ce an saye shi, sai ya ja da baya don tsoron mutuncinsa, iyaye su ma su riƙe 'ya'yansu. Irin tambayarka ce ke yin wannan ɓarna.

Don haka ina neman ɗaya cikin biyu daga gare ka: ko ka kawo sunan wanda ya biya ni da adadin kuɗin, ko ka janye maganar a inda ka faɗe ta, a gaban waɗanda suka ji ta.

Wassalam.