Wasiƙa zuwa ga abokina: ranar da ruwa ya ɗaga mu

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya fama da aiki? Kwana biyu shiru, amma yau dole na rubuto ma, don ranar Asabar tun muna kan ruwa nake ta cewa da ma kana nan.

Mu huɗu muka ɗau hayar ƙaramin jirgi mai inji na yini guda. Ba a gudu a kogin, tafiya ce a hankali don kar igiyar ruwa ta riƙa cin gaɓa ko ta girgiza jiragen da ke ɗaure. Bishiyoyi, agwagi, iska mai daɗi, duk akwai, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne wani abu da suke kira lok.

Ka san kogi gangarowa yake, to a wasu wurare an datse shi don ruwa ya yi zurfin da jirgi zai bi, sai ya zama ruwan ɓangaren sama daban na ɓangaren ƙasa daban, kamar matakala. Lok ɗin wani dogon ɗaki ne na ruwa a gefen madatsar, ƙofa a gaba ƙofa a baya. Muka shiga aka rufe ta bayanmu, bango ta ko'ina jiƙe da gansakuka, sanyi kamar cikin rijiya, muka kashe inji muka zarga igiya a turakun bakin bango. Sai mai kula da wurin ya buɗe wasu ƙananan tagogi ta wajen ƙofar gaba, ruwa ya fara tafasowa daga ƙarƙashinmu, wallahi ina kallon bangon nan yana ta gajarta har muka zo daidai da ciyawar sama, babu famfo babu komi, nauyin ruwa ne kawai ke neman daidaita kansa. Kuma kowace ƙofa marfi biyu gare ta, a karkace suke haɗuwa, tsininsu na kallon ruwan ɓangaren sama, shi ruwan ne ke danne su, ko ƙato goma ba za su buɗe ba sai ruwan ciki da na waje sun zo ɗaya, sannan ta buɗe salin alin. Nan na tuna ka, kai da ba ka barin abu sai ka ga yadda yake aiki.

A dawowa ne muka ɗan firgita. Wajen sauka ba a ɗaure igiya tamau, zargawa ake a riƙa sassautawa, to ɗaya daga cikinmu ya ƙulle tasa, ruwa na janyewa jirgin ya fara karkata gefe ɗaya, Allah ya taimaka mai kula da wurin ya gani ya rufe tagogin nan take aka kwance. Ya kuma ce mu matsa gaba, don akwai dakali a gindin ƙofar baya da jirgi ke iya hawa ya maƙale. Gabana ya jima yana faɗuwa gaskiya.

Da na dawo na kasa barci sai da na bincika, ashe tun shekarar 984 aka fara irin wannan lok mai ƙofa biyu a ƙasar Sin, kuma dabarar nan ce dai ke ɗaga manyan jiragen kaya mita 26 a mashigin Panama tun 1914. Abin da ya ɗaga ɗan jirginmu ke nan fa!

Lok uku muka bi zuwa, uku dawowa, muka mayar da jirgi dab da magariba hannuna duk ya yi ja saboda igiya. Don Allah in za ka zo ka faɗa min da wuri in kama mana jirgi, kai ka riƙe sitiyari ni igiyar gaba. Ka gaida su Mama da yara.

Naka har kullum.