Baƙonku bai kalli fina-finan da ya yanke wa hukunci ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikata, na rubuto ne a kan shirinku na daren Asabar ɗin da ta wuce, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake. Malamin da kuka gayyato ya shafe kusan rabin sa'a yana yi wa fina-finan yara 'yan ninja kuɗin goro, yana cewa ba abin da suke koyarwa sai duka da raina manya, amma har aka rufe shirin bai ambaci sunan fim guda ba, bai kawo labarin ko ɗaya ba, shi kuma mai gabatarwa bai ga dacewar ya tambaye shi wanne ya kalla ba. Ni da na kalle su da 'ya'yana sau ba adadi, tun bai yi nisa da magana ba na gane cewa hoton bango kawai ya gani, yaro da baƙaƙen kaya ya ɗaga ƙafa, sai ya gina hukuncinsa a kai.

Ga abin da maganar tasa ta jawo mini. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, kuma ba ta wasa da shirinku. Abin da aka faɗa a rediyo, a wurinta ya zauna daram. Gari na wayewa ta kira ni ta ce daga yau kada ta ƙara ganin "waɗannan masu rufe fuskar" a gidan nan. Shekaruna 44, amma ba ni da bakin musa mata, don haka kallon da muke yi ni da yaran nan uku duk ƙarshen mako, wanda shi ne kaɗai lokacin da nake samun su a wuri ɗaya babu wanda ya sunkuya kan waya, ya tsaya cak. Ƙaramin ya kwana biyu yana bina da ido, yana tambayata laifin me suka yi.

Ranka ya daɗe, da baƙon naku ya zauna ya kalli 3 Ninjas na 1992 ko da na minti ashirin ne, da kunya ta hana shi zancen raina manya, domin ginshiƙin labarin gaba ɗaya kaka ne da jikokinsa. Yara uku ne 'yan uwa da ake kai su wurin kakansu na wajen uwa, ɗan Japan, duk dogon hutu, yana koya musu dabarun kare kai, kuma shi ne ya laƙaba wa kowannensu suna gwargwadon halinsa: babban ya zama Rocky saboda tsayuwarsa kamar dutse, na tsakiya Colt saboda zafin nama irin na ɗan duƙushi, autan kuwa Tum-Tum saboda ba ya wasa da cikinsa. Mahaifinsu jami'in hukumar bincike ta Amurka, FBI, ne da bai yarda da wannan horo ba, kuma saɓanin da ke tsakaninsa da surukinsa yana daga cikin abin da labarin ya warware a ƙarshe. Faɗan da aka yi ta kuka da shi, kaso mai yawa nasa wasu sakarkarun masu satar mutane ne guda uku suka shiga gida, yaran suka watsa musu alawa a ƙasa suna ta santsi, suka zuba musu maganin wankin ciki a abin sha. Mahaifiyar tawa da kanta ta taɓa yin dariya har da hawaye a daidai wurin nan, kafin a zo a gaya mata a rediyo cewa abin da ta gani ɓarna ce.

Na fi zaton fina-finan manya ne na shekarun 1980 suka tsaya wa baƙon naku a rai, irin su Enter the Ninja na 1981 da American Ninja na 1985, waɗanda ake sara da suka a cikinsu. Waɗannan ni ma ba na kunna wa 'ya'yana su. Amma wanda ya kasa bambance su da fim ɗin da aka shirya domin yara, bai kamata a miƙa masa makirufo ya yi wa iyaye fatawa ba. Irin wannan tsoron kalma an taɓa yin sa a Birtaniya, inda aka cire "ninja" daga sunan fim ɗin zanen nan na kunkuru huɗu, Teenage Mutant Ninja Turtles, aka sa "hero", wato jarumi, aka kuma yanke wuraren da ɗayansu ke juya sanduna biyu masu haɗe da sarƙa; daga baya aka mayar da sunan yadda yake, duniya kuma ba ta tashi ba.

Malamin ya kuma faɗa da gadara cewa ma'anar ninja ita ce mai kisa don kuɗi. Harafin da Japanawa ke fara rubuta kalmar da shi yana nufin juriya da ɓoye kai, kuma mutanen da ake kira shinobi, wato ninja, a yankunan Iga da Koka na Japan, waɗanda jagoran yaƙi Oda Nobunaga ya murƙushe na Iga daga cikinsu a 1581, leƙen asiri da kai saƙo da shiga sansanin abokan gaba a ɓoye su ne mafi yawan aikinsu. Ba na cewa waliyyai ne. Abin da nake cewa shi ne, wanda zai yi wa jama'a fassara a rediyo ya fara bincikawa. Ita ma karate da yaran ke kwaikwayo, Gichin Funakoshi da ya kai ta Tokyo daga Okinawa a 1922 ya bar wa ɗalibansa ƙa'idar cewa a karate ba a fara kai hari, kuma kusan kowane dattijon malami a fina-finan nan abin da yake nanata wa yara ke nan.

Ba zan yi muku ƙarya cewa ba a kwaikwayo ba. Autana ya taɓa ɗaure fuska da baƙin ɗankwalin uwarsa, ya hau kan tebur ya daka tsalle, haɓarsa ta daki gefen kujera, leɓensa ya fashe, rigarsa duk jini. Bayan an wanke ciwon na zaunar da su ukun na nuna musu yadda ake ɗaukar irin wannan wasa: katifun da ake shimfiɗawa inda kyamara ba ta gani, igiyoyin da ake ɗaura wa ɗan wasa, naushin da ba ya taɓa fuska, da ƙarar dukan da sai a ɗakin tace fim ake ɗora ta. Na kuma nuna musu kurakuran da Jackie Chan ke sakawa a ƙarshen fina-finansa, inda ake ganin ƙwararre kamarsa a kwance ana duba shi. Tun ranar ba wanda ya ƙara hawa tebur. Irin shawarar da na sa ran ji daga shirinku ke nan, sai ga shi an ce a kashe talabijin kawai.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da cewa kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin magana ya yi ƙarfi ƙwarai, har yana danne muryar masu kiran waya, kuma an daɗe ana haka. A daren ma sau shida ina kira layin yana cewa ana amfani da shi, ga shi kun ware wa masu sauraro minti biyar kacal.

Buƙatata ita ce ku sake gayyato malamin nan, amma ku sa shi ya kalli fim ɗaya daga farko har ƙarshe kafin ya shigo, ku kuma haɗa shi da wani uba ko uwa da suka saba kallo da 'ya'yansu. Idan bayan haka yana nan a kan bakansa, zan saurare shi da kunnen basira. Ina roƙon ku sanar da ranar tun da wuri, domin in tabbatar mahaifiyata tana kusa da rediyonta, tunda daga bakinku ta ji, kuma daga bakinku kaɗai za ta yarda ta janye dokar.

Wassalam.

Naku,
Wani uba mai 'ya'ya uku, mai sauraronku na kullum