Godiya Ga Masu Shagon Kayan Famfo Da Suka Canza Mana Hita A Agege

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Baba mai shagon kayan famfo da na wuta da ke unguwarmu a Agege, da yaransa biyu da suka yi mana aiki. Na so in tsaya a godiyar baki da na yi muku ranar da kuka gama, amma zuciyata ta ƙi natsuwa, domin abin da kuka yi mini ya wuce ciniki. Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na rubuto a fili, 'yan uwanmu mazauna Legas su ma su gani.

Kwana huɗu da haihuwar matata hitar banɗakinmu ta mutu. Duk Bahaushe ya san matsayin ruwan zafi a gidan da ake jego. A gida Zariya da tuni an girka tukunya a tsakar gida an hura itace, amma mu a hawa na biyu muke haya, babu inda za a hura wuta. Surukata, wadda ta taso takanas don kula da 'yarta, ta koma dafa ruwa a kan gas, tana ɗaukar tukunya mai tafasa daga kicin zuwa banɗaki safe da yamma. Ranar da na ga ruwan ya fallatsar mata a ƙafa, ta yi shiru don kada in damu, ranar na ce ko bashi zan ci sai na sayi sabuwa.

Na zo shagonku da shawarata a hannu. Wani abokina ya ce in sayi irin ƙaramar nan da ke dumama ruwa nan take yayin da yake wucewa, ba ta da tanki, ba ta cin wuri. Tana nan a kan kantarku, kuma da kun miƙo mini da na biya na tafi. Sai kuka ce, cikin Hausar da kuka iya tun ƙuruciya a Agege, "Malam, ka bari yaro ya je ya ga gidan tukuna." Na ɗan ji haushi a lokacin, don sauri nake yi.

Abin da yaron ya gani shi ne dalilin wannan wasiƙa. Da ya sauke tsohuwar hitar ya buɗe ta, sai ga laka ja-ja-wur tana zuba a bokiti, irin wadda ruwan burtsatse mai sinadarin ƙarfe ke tarawa. Ya zaro wani sanda da ya cinye har ya koma kamar tsinke, ya ce wannan na magniziyam ne, aikinsa tsatsa ta ci shi a madadin tankin, kuma idan ya ƙare ba a canza ba sai ta koma kan tankin kansa. Namu ya riga ya huje. Ya faɗa mini gaskiya cewa da ƙarfen dumama ruwan ne kawai ya ƙone, ko na'urar da ke kashe wuta idan ruwa ya yi zafi, da gyara za a yi da kuɗi kaɗan. Tanki mai yoyo kuwa ba shi da magani.

Daga nan ya bi waya, ya kira ni in gani da idona. Wanda ya kafa tsohuwar hitar tun kafin mu shigo gidan, daga wayar ƙwan fitila ya jawo mata wuta, siririya, har robar jikinta ta yi baƙi ta ƙandare. Wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta idan ta ɓalle ta shiga jikin ƙarfe, tana nan a lanƙwashe ba a ɗaura ta a ko'ina ba. Ɗan bututun da ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa a tanki kuma an toshe shi, wataƙila don ɗigar da yake yi ta dami wani. Nan take na tuna matata ta taɓa ce mini tana jin kamar wuta na ɗan jan ta idan ta taɓa kan famfo da jiƙaƙƙen hannu, na ce mata ƙila sanyi ne. Jikina ya yi sanyi. A wannan banɗakin ake yi wa jaririyata wanka.

Da na dawo shago, Baba, kun ɗauki biro da bayan rasit kuka yi mini lissafin da har yanzu yana cikin aljihuna. Hitar nan take da na zo nema tana jan wat 5,500, wato kusan amfiya 24 a wutarmu mai bolt 230. Tana buƙatar waya mai kauri tun daga akwatin wuta, janaretana ba zai ɗauke ta ba, kuma da zarar an ɗauke wuta babu ko ɗigon ruwan zafi. Kun ƙara da cewa tankinmu na sama bai yi tsayin da zai ba ta ƙarfin ruwan da take so ba. Mai tanki kuwa wat 1,500 take ja, kuma idan ta dumama ruwa da asuba yakan riƙe ɗuminsa sa'o'i ko babu wuta.

Sai batun girma. Ni lita 80 na hango, don ina ganin babba ta fi. Kuka ce ruwan da ba za a yi amfani da shi ba, kuɗin wutarsa a banza yake tafiya. Lita 30 tana cin yunit ɗaya da ɗan ɗoriya kafin ruwan famfo ya kai digiri 60, cikin kusan minti 50. Lita 50 tana cin kusan yunit biyu, cikin awa ɗaya da minti 20. Wannan lissafi ba wasa ba ne ga wanda layinsa ke rukunin Band A kamar mu, wato rukunin da ake ba wuta sa'o'i mafi yawa a kan kuɗi mafi tsada, tun da a watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225, kafin daga baya ya ɗan sauko zuwa 200 da 'yan kai. Dumamawa biyu a rana har kwana 40 na jego, yunit 160 ke nan, sama da naira 30,000 a kati. Ban taɓa zama na auna hita ta wannan fuskar ba, kullum kuɗin da ke jikin kwali nake kallo. Muka tsaya a lita 50.

Ban ɓoye muku ba cewa na yi niyyar zuwa kasuwar Alaba da ke Ojo in gwada farashi. Ba ku hana ni ba, kun ce kawai duk inda zan saya in tabbatar kwalin a rufe yake, da takardar garanti mai hatimi, kuma lambar da ke jikin hitar ta yi daidai da ta takardar. Da na auna kuɗin mota zuwa Ojo da cunkoson hanya da wunin da zan ɓata, sai na ga babu riba.

Kuɗin bai zo da sauƙi ba, ba zan yi ƙarya ba. Sabuwar waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 daga akwatin wuta, makunni na musamman a wajen banɗaki, na'urar da ke katse wuta nan take idan ta ɓalle, sandan da ake kafawa a ƙasa a ɗaura masa wayar ƙasa, bututai, matatar ruwa da ladan aiki, duka sun kusa rabin kuɗin hitar kanta. Amma kun rubuta kowane abu da farashinsa a layinsa, ba dunƙule ba, kuka raba abin da ya zama dole da wanda zai iya jira. Wannan takarda na kai wa mai gidan da muke haya, tare da guntun ƙonanniyar wayar. Ya juya ta a hannunsa, ya amince a cire kuɗin waya da na sandan ƙasa daga kuɗin haya, tun da gyaran gidansa ne.

Yaranku sun zo da ƙarfe takwas kamar yadda suka yi alkawari. Kafin su huda bango sai da babban ya ƙwanƙwasa shi yana saurare, ya ce bulo ne mai rami, kuma hita mai lita 50 idan ta cika ta haura kilo 60, don haka ya nemi inda siminti ya fi ƙarfi ya sa dogayen ƙusoshi. Sun cika tankin da ruwa kafin su kunna wuta, suka ce kunna ta a bushe shi ke ƙona ƙarfen cikin ɗan lokaci. Sun cire takalma a bakin ƙofa, sun dakata da aiki lokacin da aka shiga da jaririya, sun share ƙurar da suka tayar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ƙaramin ya yi da surukata. Ta ce a murɗa mata zafin har ƙarshe, don ruwan jego sai ya yi zafi sosai. Ya durƙusa ya ce, "Mama, digiri 60 ma yana ƙona fata, a dinga sirkawa, na jaririya kuma a taɓa da gwiwar hannu tukuna." Ta yi dariya ta ce ta haifi bakwai kafin a haife shi, amma ta bar shi a inda ya saita. Ya nuna mata makunnin, ya ce ɗigar da za ta gani a ɗan bututun nan lafiya ce, kada kowa ya toshe shi.

An yi arba'in makon jiya, uwa da 'ya suna cikin ƙoshin lafiya, surukata ta koma Zariya, kuma har a tasha tana ce mini in gaishe mata da Baba da yaransa. Na rubuta a bangon kalanda watan da kuka ce in kira ku a duba sandan magniziyam a kuma wanke tankin. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a kasuwarku, ya raya muku zuri'a, ya ba yaran nan biyu shagunan kansu.

Naku mai godiya,
Wani magidanci a Agege, Legas